Yadda Gwaggo Tafireta Ta Dawo da Mai Jan Bango

Duk wanda ya taɓa neman aiki a garin nan a shekarun baya, ko ya taɓa kai kuka a rubuce, ko ya so aika wasiƙa ba tare da an ga munin rubutunsa ba, ya san ƙarƙashin matakalar benen da ke kallon gidan waya. A nan take zama. Ɗaki ne da bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, rufinsa a karkace saboda matakalar, in dogon mutum ya shiga sai ya sunkuya. A ciki akwai tebur guda, da kujera mai matashi, da bencin masu jira, da kabad na katako a jikin bango, sai kuma baƙin keken rubutu da ya girme ta. Saboda keken ne sunanta na asali ya ɓata. Yara da manya Gwaggo Tafireta suke kiranta, har 'yarta ta cikinta in tana jin tsokana.

Babanta ne ya fara zama a kujerar. Tana 'yar shekara goma sha bakwai hannunsa ya soma rawa, takardar da yake gamawa cikin minti goma ta koma cin rabin awa, ga kurakurai. Ita ce ke kawo masa abincin rana, ta tsaya tana kallon yatsunsa. Sai ya koya mata a gida, wata uku, a bayan takardun da aka zubar. Ranar da ya fara zaunar da ita gaban jama'a, wani mai babbar murya ya zo da takardar neman aiki. Da ya ga yarinya a kujera ya ce shi ba zai ba 'yar wannan takardarsa ta ɓata masa ba, a kira masa mai wurin. Baban yana tsaye a bayanta, hannunsa ɗaya a kan kujerar. Ya ce wa mutumin ga mai wurin nan a zaune, in ba ta buga masa ba, babu mai buga masa a wannan ɗaki. Mutumin ya yi ƙunƙuni ya miƙa. Ta buga gumi na bin bayanta, baban kuwa bai leƙa takardar ba ko sau ɗaya, bai ce mata gyara nan ba. Da ta zare ta, babu kuskure ko na ɗigo. Daga ranar kujera ta zama tata.

Littafin da ake zance kuwa ya riga ta zuwa ɗakin. Wani ne ya manta shi a kan benci tun zamanin baban, bai dawo nema ba. Ba shi da bango, shafukan farko sun tafi, saboda haka babu wanda ya san sunansa, balle na wanda ya rubuta shi. Baban ya samo guntun jan yadi a ragowar ɗinkin matarsa, ya ɗinke shi da zare mai kauri, aka riƙa ce masa Mai Jan Bango. Labarin wani mai haƙa rijiya ne da idonsa ya mutu, da 'yarsa da ta zama idonsa, suna bin ƙauyuka da jakinsu suna nemo wa mutane ruwa.

Masu jiran layi su suka fara ɗaukarsa don kashe lokaci. Sai a ce wa mutum an gama takardarsa, ya ce a yi masa haƙuri ya ƙarasa shafi. Daga nan aka soma roƙon a tafi da shi gida. Gwaggo ba ta taɓa rubuta sunan mai aro ba, a kanta take riƙewa, kuma ba ta taɓa ruɗewa ba. Wanda ya dawo da shi yakan haɗo da wani littafin da ya gama da shi, ya ce a ajiye wa jama'a. Kafin furfura ta fito mata kabad ya cika ya batse. Akwai na soyayya, akwai na tarihi, akwai na kiwon kaji, har da wani na gyaran injin ban ruwa da ba a taɓa samun wanda ya ara ba. Amma kowane ya zo ya tafi, Mai Jan Bango ne ba ya kwana biyu a kabad.

A wannan kujera ta yi aure, ta haifi 'ya ɗaya. Mijinta, mai gyaran rediyo, ya rasu yarinyar tana firamare, da keken nan ta riƙe gidan har 'yar ta zama nas a babban asibiti. Da kwamfuta ta shigo gari, samari suka buɗe shaguna dama da hagu, aiki ya ja baya. Aka yi ta ba ta shawara ta rufe ta huta. Ta ƙi, don ta lura ƙafa ba ta ɗauke daga ƙofarta ba, sai dai masu zuwa yanzu kabad suke nufa, ba tebur ba.

Tana da shekara hamsin da tara, wata Litinin da safe, ta zo buɗe ɗaki ta tarar ruwa na fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Bututun ofishin da ke saman bene ne ya fashe tun Asabar bayan an tashi aiki, ruwan ya biyo matakala ya sauka daidai kan kabad. Keken ya tsira saboda ledar da take rufa masa. Mai aski, wanda shagonsa ke jikin ɗakinta, ya bar wani da kumfa a fuska ya zo suka kwashe littattafan, suka shanya su a bakin titi, suka danne kowanne da dutse. Yawancinsu sun bushe, ko da yake sun kumbura sun karkace. Mai Jan Bango kuwa yana kan kantar kabad ta sama inda ta ajiye shi ranar Juma'a, shi ya sha ruwan duka. Takardarsa dama mai araha ce, ga tsufa. Da ta ɗaga shi sai shafukan suka zubo kamar ƙullu, jan yadin kaɗai ya rage mata, rininsa ya ɓata mata tafin hannu.

Ba ta yi kuka gaban mutane ba. Ta matse yadin ta sa a jaka, ta rufe ɗaki, kwana uku ba ta fito ba. 'Yarta ta zo ta same ta zaune a tsakar gida, ta ce mata littafi ne fa, ba mutum ba, za a samo wani. 'Yar ta duba a waya, ta zagaya shagunan littattafai, ta je har ɗakin karatu na gari. Ko'ina tambaya ɗaya ake tare ta da ita: mene ne sunansa, wa ya rubuta? In ta ce labarin makaho ne mai haƙa rijiya, sai a girgiza kai.

Ranar Alhamis Gwaggo ta buɗe ɗaki, ta share, ta yaye ledar keke, ta zura farar takarda. Ta ce a ranta littafin da ta karanta fiye da sau hamsin ba zai gagare ta ba, daga kanta za ta fito da shi. Babin farko ya zubo kamar ana karanta mata. Na biyu ya zo da ɗan ɗingishi. A na uku ta tsaya cak. Ta san sun bar ƙauye sun nufi wani, amma abin da ya faru a hanya ya ɓace mata. Nan ta gane abin da ba ta taɓa lura da shi ba: ashe duk shekarun nan gudu take yi a tsakiyar littafin, don ta isa wurin da take so.

Mai aski ya yini yana jin ƙarar keke ta bango, sai kuma ya ji shiru. Ya leƙo. Shi mutum ne da in zance ya yi masa daɗi yakan manta rabin kan mutum ba a aske ba. Da ta gaya masa inda ta maƙale, ya ja benci ya zauna, ya ce ai wannan wurin nasa ne, nan ne jaki ya faɗa tsohuwar rijiya, mutanen ƙauye suka taru suka yi ta musu kan wanda zai shiga, har jakin ya gaji da su ya haye tulin ƙasar da ke zubowa ya fito da kansa. Ya ba da labarin yana kwaikwayon muryar kowa, har da ta jakin. Ya ce ya karanta littafin ne a shekarar da ya kwanta wata huɗu da karaya, kuma wannan babin ne ya fara ba shi dariya, har matarsa ta shigo a guje ta ɗauka ciwon ne ya taɓa masa kai. Gwaggo ba ta tuna jakin ya faɗa ko'ina ba, amma ta ga yadda yake bayani dalla-dalla, ta buga.

Washegari ta manna takarda a ƙofa: duk wanda ya taɓa karanta Mai Jan Bango ya zo ya faɗi inda ya fi so. Ta zaci mutum biyar ko shida za su zo. A makon farko benci bai ishe su ba. Mai shayi ya zo, ya ce shi ne littafi na farko da ya taɓa kai wa ƙarshe a rayuwarsa, ya kawo babin kasuwa. Wata mai ɗinki ta ce ta fi son sa ne don shi kaɗai ta karanta wanda yarinyar ciki ba ta ɓata ko babi ɗaya tana jiran wani namiji ba, ta kawo wurin da yarinyar ta koyi gane ƙasa mai ruwa ta hanyar ɗanɗanawa. Wani malamin makaranta mai ritaya bai tuna labari ba sam, amma ya haddace sunayen ƙauyukan a jere. Gwaggo ta lura in ta tambayi mutum me ya faru, sai ya yi ta lalube, in kuwa ta tambaye shi me ya sa yake son wurin, sai kalmomin su zo masa da kansu. Saboda haka ta koma farawa da wannan tambayar.

Musu kuwa an sha shi. An yi kwana biyu ana gardama ko jakin fari ne ko toka-toka. An rabu gida biyu kan uwar yarinyar, ko mutuwa ta yi ko tafiya. Gwaggo takan saurari kowa, ta ba da gaskiya ga wanda ya fi yawan aron littafin, tunda ita ta san sau nawa kowa ya ara.

Wata Laraba wani direban babbar mota ya faka a gaban gidan waya, ya shigo a sunkuye. Dogo ne, mara magana, ya yi shekaru bai leƙo ba. Ya ce a tasha ya ji labari. Ta tambaye shi ina ya fi so, ya ce wurin da ƙanen makahon, wanda suka yi shekaru ba sa ga maciji, ya zo ya tarar rijiya ta ƙi ruwa, bai yi sallama ba, bai nemi gafara ba, ya tuɓe riga ya shiga rami ya kama haƙa. Ta tambaye shi dalili. Ya amsa yana juya hula a hannu.

"Gwaggo, ni da yayana shekara goma sha ɗaya ba mu yi magana ba. Ina son in je, amma ban san abin da zan ce ba. Da na karanta wurin nan sai na ga ashe ba dole sai an ce komai ba. Na je na tarar yana fama da tayar motarsa a ƙofar gida, na karɓi sifana a hannunsa na kwance. Shi ke nan. Yanzu 'ya'yana a gidansa suke hutu."

Sannan ya karanto babin, idonsa a rufe, kusan ba tare da tsayawa ba. Ya ce ya taɓa riƙe littafin wata biyu a cikin mota. Gwaggo ta ce ta sani, har yanzu ba ta yafe masa wannan ba.

Bayan wata uku duk abin da ake nema a bakin jama'a ya haɗu sai babi ɗaya, wanda makahon ya kwanta ciwo a wani gari. Kowa ya san akwai shi, babu wanda ya riƙe. Mai aski ya ce a ba shi dama ya cike, aka hana shi. Ana cikin haka 'yar Gwaggo ta zo ranar hutunta, ta zauna a benci, ta ce wa uwar ta sa takarda. Ta fara faɗa a hankali: yadda yarinyar ke wanke wa uban ido da ruwan ɗumi kowace safiya, tana gaya masa launin sama da yawan tsuntsayen da ke kan katanga, ba ta taɓa nuna masa tausayi a murya ba, don ta san tausayi ya fi ciwon yi masa zafi. Gwaggo ta cire hannu daga keke.

"Ke yaushe kika karanta shi? Ban taɓa ganinsa a hannunki ba."

"A ƙarƙashin teburin nan, Mama, in na taso daga makaranta kina aiki. Sau shida. A wannan babin na san aikin da zan yi in na girma."

"Shi ne ba ki taɓa gaya mini ba? Kuma kika ce mini littafi ne ba mutum ba."

"To me zan ce, ina ganin ki kwana uku ba ki ci abin kirki ba? Ke ma ai ba ki taɓa gaya mini inda kika fi so ba."

Gwaggo ta mayar da hannu kan keke. Nata wurin ta bar shi sai ƙarshe. Wata rana da azahar ta janyo ƙofa, ta zauna ita kaɗai ta buga shi. Shi ne ranar da makahon ya ɗaura wa 'yarsa igiya a ƙugu zai zura ta rijiya karo na farko, mutanen ƙauye na cewa ba a taɓa yi ba, shi kuwa ya riƙe igiyar bai ce uffan ba, yana jin duk motsinta a tafin hannunsa. Ta buga sanyin ramin, da ƙanshin danyar ƙasa, da yadda bakin rijiyar ke ƙanƙancewa a sama, da yadda yarinyar ta yi ta jiran a ce mata yi kaza, ba a ce ba. Ba ta ɗago ba sai da inuwar bene ta kai tsakiyar titi. Shafi bakwai ta cika.

A wata na biyar aka gama. Mai ɗinki ta ɗinke shi da tsohon jan yadin, wanda Gwaggo ta wanke ta goge. Sabon Mai Jan Bango ya shiga hannu, aka koma rububinsa fiye da da, don yanzu kowa yana son ya ga nasa wurin.

Da a nan abin ya tsaya ma da ya isa. Amma wata safiya wani tsoho ya shigo aski, mai aski kuwa ya ɗauko masa labarin jaki kamar yadda yake yi wa kowa. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ya san littafin, amma babu jakin da ya faɗa rijiya a cikinsa. Mai aski ya ce shi da ya karanta sau tara za a gaya wa? Tsohon ya ce shi bai ƙirga ba, amma da hannunsa ya jera haruffan littafin ɗaya bayan ɗaya, shekara hamsin da suka wuce, a wata ƙaramar maɗaba'a da ta daɗe da rufewa. Wani safiyo mai awon filaye ne ya rubuta, bai sake rubuta wani ba har ya rasu. Kuma akwai kwafi ɗaya a ƙasan akwatinsa.

Mai aski ya gama askin, ya ja tsohon zuwa ƙarƙashin matakala. Gwaggo ta ji bayani, ta riƙe gefen tebur. Murna ta zo mata, tsoro ya biyo baya. In aka kawo na ainihi, aikin wata biyar zai koma abin dariya.

Aka sa ranar Asabar da hantsi, a shagon aski saboda ya fi faɗi. Mutane suka cika har waje, direba ma ya zo da yayansa. Tsohon ya kwance littafin daga cikin tsumma. Bangonsa kore ne, sunansa kuwa dogo ne mara daɗin faɗa, babu wanda ya damu ya riƙe. Aka shirya shi zai riƙa karanta na ɗab'i, 'yar Gwaggo na bi a nasu. Babi bayan babi labarin ya tafi daidai. Ƙauyukan malam suka zo a jere, babu wanda ya goce. Jakin ya fito toka-toka, rabin shagon suka yi shewa. Babin direba ya zo kusan kalma da kalma, har tsohon ya cire tabarau ya dube shi. Da aka iso hanyar da Gwaggo ta maƙale, sai ga jaki tsaye a gindin bishiya yana cin ciyawa, daga farkon babi har ƙarshe bai matsa ba. Dariya ta ɓarke. Mai aski ya karɓi littafin ya duba ko an yage shafi, ya ga lambobi a jere. Ya mayar, ya ce to wannan kuskuren marubuci ne, Allah ya jiƙansa, da ya zo aski wurinsa da ya gyara masa.

Sai aka zo wurin igiya. Tsohon ya karanta: uban ya ɗaura mata igiya, ta sauka, ta cika guga da ƙasa, ya jawo ta. Layi uku ne, babu ƙari. Ya juya shafi zai ci gaba, 'yar Gwaggo ta ce ya dakata, a nasu akwai saura. Ya ce ta karanta. Gwaggo ta so ta hana, amma an riga an fara. 'Yarta ta karanta shafi bakwai ɗin nan, shagon ya yi tsit, har mai shayi ya manta da butarsa a kan wuta. Gwaggo ta sunkuyar da kai, kunya ta rufe ta, tana ganin an kama ta da ƙarya a gaban jama'a. Ta rantse a ranta cewa ta ga duk wannan a littafin.

Da aka gama tsohon ya tambayi wa ya kawo wannan wurin. Aka nuna ta. Ya juyo da kujerarsa ya fuskance ta.

"Ƙanwata, shekara arba'in ina jera maganar mutane. Na san rubutun wanda ya kwafo, na san na wanda abin ya fito daga cikinsa. Wannan ba ki tuno shi ba, ke kika rubuta. Kuma ya fi duk abin da ke cikin koren nan. Me kike jira?"

Ta yi dariya ta ce ita mai buga na wasu ce, ina ita ina rubuta littafi da tsufanta. Tsohon bai ja da ita ba. Ya bar mata koren kyauta, ya ce a ajiye su tare a kabad. Aka ajiye. Amma masu aro suka nuna zaɓinsu ba kunya, kowa ya zo jan yake nema, saboda shi ne mai jaki da igiya.

Maganar tsohon ta ƙi barin ta. Tana wanke-wanke tana jin ta, tana cikin mota tana jin ta. Bayan sati uku ta zura takarda, ta buga layi ɗaya a kan wata yarinya da ke kawo wa babanta abinci a ƙarƙashin matakala. Ta cire ta yaga. Ta sake sa wata. Wannan karon ba ta yaga ba. Kullum da safe kafin mutane su fara zuwa takan buga shafi biyu, wata rana ɗaya, wata rana babu. Ta zuba mutanen benci a ciki, ta sauya musu kama da sana'a yadda babu asirin da zai tonu. Tsohon yakan zo duk Talata da jan biro, ya karanta, ya soke abin da ya ce ƙawa ce kawai. Sukan yi faɗa a kan kalma ɗaya har shayinsu ya huce. Sau biyu ta ce ta fasa, sau biyu 'yarta ta ɗauke takardun ta ɓoye har ta sauko.

Shekara guda da wata biyu ta ɗauka. Maganar ɗab'i masu karatu ne suka ɗauke mata, suka haɗa kai da tsohon ba tare da sun shawarce ta ba, sai dai ta ga an kawo mata shafukan gwaji ta duba. Ranar da kwalayen suka iso, direba ne ya sauke su da kansa a gaban gidan waya. Ta yanke igiyar kwali na farko da almakashin mai aski, ta ɗauko guda, ta ga sunanta na asali a bango, wanda rabin mutanen da ke wurin ranar suka fara jinsa. Ta shafa, ta shinshina, ta miƙa wa 'yarta. Tsohon ya buɗe nasa, cikin minti biyar ya gano harafi ɗaya da ya juye a shafi na sittin, ya yi ta murna kamar an ba shi kyauta. Mai aski ya gano kansa a babi na huɗu duk da an mai da shi mai gyaran takalmi, ya yi ƙorafin an rage masa tsawo, sannan ya ɗauki goma ya jera a gaban madubi. Direba ya ɗauki kwali biyu ya ce zai sauke a duk garin da ya tsaya.

Bayan wata biyu, wata ranar Lahadi da yamma, Gwaggo ta shiga bas za ta je duba wata ƙawarta a can ƙarshen gari. A kujerar da ke gefenta akwai wata mata da ba ta taɓa gani ba, da kwandon cefane a kan cinya, da littafi buɗe a kan kwandon. Gwaggo ta gane bangon tun kafin ta zauna. Ta saci kallon lambar shafi, ta san abin da ke zuwa nan da layi goma. Ta zuba ido. Matar ta kai wurin, ta yi dariya ta hanci, ta rufe baki da gefen mayafi. Bas ya iso inda Gwaggo za ta sauka, ba ta motsa ba, don akwai wani wuri a shafi na gaba da take son ta ga yadda zai yi da ita. Aka wuce tasha ɗaya, aka wuce ta biyu. Matar ta kai wurin, ta daina dariya, ta ɗan ɗaga kai ta dubi taga, sannan ta koma.

Gwaggo ta kasa haƙuri, ta taɓa ta ta tambaye ta ko littafin yana da daɗi.

Matar ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Don Allah Mama ki bari in ƙarasa shafin nan."

Gwaggo ta ce to. Ta gyara zama, ta naɗe hannu, ta bar ta ta ƙarasa. A tasha ta huɗu ta sauka, ta tsallaka titi ta jira bas mai komawa, tana murmushi ita kaɗai har wata mai sayar da lemo ta tambaye ta ko albishir aka yi mata. Ta ce e, yanzun nan.